Ragin kuɗin jirgin ruwa na mazauna Fulorida: ni ma zan iya cin moriyarsa da adireshin ƙanena?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san kan wata harka. Ƙanena da ke aikin asibiti a Tampa, can jihar Fulorida, ya ce in Allah ya kai mu na je ganin jaririyarsu zai saka mu a jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, kwana huɗu, a je tsibiran Bahamas a dawo. Ɗaki biyu za a kama, shi da iyalinsa ɗaya, ni da Khalifa ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai, da ya duba farashi a can ya ga wani kuɗi, ni kuma da na duba daga nan Badariya a Birnin Kebbi na ga wanda ya fi shi. Jirgi ɗaya, rana ɗaya, irin ɗaki ɗaya. Ya ce nasa wai ragin mazauna jihar ne. To in na rubuta adireshinsa a nawa ɗakin, ba shi ke nan ba? Ko akwai matsala?

Alhaji Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Hajiya, mu da ko Yauri ba mu iya ƙetarewa sai mun karanta Ayatul Kursiyyu ƙafa bakwai, ke teku za ki shiga kwana huɗu? Allah shi tsare. Amma wanga abu ai bai buƙatar shawara. Rubuta adireshin ƙanenki. Gidan ƙanenki ba gidanki ba ne?

Ɗan Zuru: Anti, ki sa manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, ki zaɓi Amurka, farashin zai sauko. Haka muke yi da wasu abubuwa.

Injiniya (Olando): Anti kar ki bi ta Ɗan Zuru, don Allah. Ba inda wayarki take suke dubawa ba. A shafin kamfanin akwai wurin da mutum ke zaɓar jihar da yake zaune, da ya zaɓi Fulorida sai farashin mazauna ya fito, in akwai shi a wannan tafiyar. Kowa na iya zaɓa, ko daga Kamba yake. Inda ake kama mutum shi ne ranar shiga jirgi. A tasha suna da ikon cewa ki kawo shaidar zama, kuma abin da suka fi karɓa shi ne lasisin tuƙi na jihar ko katin shaida da jihar ta bayar. In babu, ƙa'idarsu a rubuce take: ko ki cika bambancin kuɗin a farashin da ake sayarwa a ranar, ko a hana ki shiga. Ki lura, ba farashin ranar da kika kama ɗakin ba. Kuma ke da za ki miƙa koren fasfo mai biza ta baƙunta, wa za ki ce wa mazauniyar Tampa ce ke?

Alhaji Ɗan Jega: To su mi ya sa sunka fifita nasu? Ashe har Turawa na yin ɗan gida da baƙo. Mu in munka yi sai a ce ƙabilanci.

Malam Nasiru Argungu: Alhaji, ba irin namu ba ne, kuma bambancin ya kamata a fahimce shi. A nan idan jami'ar jiha ta raba kuɗin makaranta gida biyu, ɗan asalin jiha take nufi, wanda ke da takardar ƙaramar hukuma. Mutum zai iya haihuwa a Birnin Kebbi, ya girma a nan, ubansa ya shekara talatin yana biyan haraji a nan, amma a ce masa baƙo saboda kakansa daga wani wuri ya zo. Can akasin haka ne. Ƙanen Hajiya ɗan Gwandu ne gaba da baya, amma tun da a Tampa yake kwana yake tashi, kuma yana da lasisin jihar, ya cancanta. Ba'amurken da aka haifa a Mayami ya koma wata jiha da zama ya canza lasisi, shi bai cancanta ba. Ba ruwansu da inda aka binne cibiyarka.

Alhaji Ɗan Jega: Malam ka amsa rabi. Na ce mi ya sa? Kamfani ba gwamnati ba ne, ba ya neman ƙuri'ar kowa.

Injiniya (Olando): Yauwa Alhaji, nan ne maganar take. Ba don ƙauna suke yi ba.

Jirgin nan zai tashi ranar da aka sa, ko cike ko da saura. Man da zai sha ɗaya ne, albashin ma'aikata ɗaya ne, kuɗin tsayawa a tasha ɗaya ne. Ɗakin da ya tafi babu kowa, kuɗinsa ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar mako mai zuwa. Kuma ba ƙananan jirage ba ne. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara tashi daga Mayami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Ka yi tunanin cika wannan kowane mako, shekara ta zagayo.

To idan ranar tashi ta matso aka ga da sauran ɗakuna, wa zai iya cewa "na shirya" cikin mako biyu ko uku? Ba mutumin da sai ya nemi tikitin jirgin sama da otal ba. Wanda ke iya jefa jaka a bayan mota ya tuƙa zuwa tasha ne. Ni daga gidana a Olando, nan Fulorida, zuwa tashar Port Canaveral tafiyar kamar awa ɗaya ce. Fulorida kuwa manyan tashoshi sun taru a cikinta: Mayami, Fort Lauderdale, Port Canaveral, Tampa. Shi ya sa sunan jihar ya fi fitowa a wannan ragi. Mutanen Tekzas su ma sukan samu a jiragen da ke tashi daga Galveston. Wani lokaci har jihohin da ke nesa da teku ake sa wa, idan kamfani ya ga ciniki ya yi sanyi a can.

Kamar direban da ya bar tashar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato da kujera biyu babu kowa. Idan ya iske fasinja a bakin hanya zai ɗauke shi ƙasa da kuɗin tasha, don kujerar da ta isa Sakkwato a banza ba ta ba shi ko kwabo. Amma ba zai tsaya cikin tasha ya yi shelar ya rage kuɗi ba, don waɗanda suka riga suka biya za su ce a maido musu canji. Sharaɗin zama a jiha shi ne hanyar da kamfani ke rage wa wasu ba tare da ya karya farashin kowa da kowa ba.

Kawu Yauri: Injiniya, Allah ya yi maka albarka. To amma in an rage sosai ina ribar?

Injiniya (Olando): Amin Kawu. Ribar tana cikin jirgi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin nan ba daga tikiti yake zuwa ba, daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya shiga ne: abin sha, gidan caca, intanet, hotuna, gidajen abinci na musamman, yawon da ake kai mutane idan an tsaya a tsibiri. Ɗakin da babu kowa ba ya sayen ko lemo. Don haka gara musu su saka mutum da araha ya kashe a ciki.

Alhaji Ɗan Jega: To ai da mu sun yi hasara. Ba mu sha, ba mu caca, kuma Hajiya da kilishinta da garin kunu za ta shiga.

Maman Khalifa: Alhaji ka rufa min asiri 😂 Amma Injiniya, ke nan ni babu yadda za a yi? Ɗakina a cikakken kuɗi za a biya?

Hajiya Asabe (tikiti da Umra): Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Maman Khalifa, akwai hanya, kuma ba sai an yi ƙarya ba. A yawancin kamfanonin nan ragin ɗaki yake bi, ba kan mutum ba. Wato idan mutum ɗaya a cikin ɗakin ya cika sharaɗi, duk waɗanda ke ɗakin sun shiga farashin. Matar ƙanenki tana da lasisi ko katin jihar?

Maman Khalifa: Tana da shi, ita ma tana tuƙi.

Hajiya Asabe (tikiti da Umra): To shi ke nan. Kuna da mazauna biyu, ɗaki biyu. Ki shiga ɗaki ɗaya da ita da jaririya, Khalifa ya shiga ɗaya da kawunsa. Kowane ɗaki yana da mai shaida. Amma ƙanenki ya karanta sharaɗin wannan ragin da idonsa kafin ya biya, don kowane kamfani da nasa rubutun, akwai masu son a turo shaidar tun lokacin kama ɗaki, ba sai ranar tafiya ba. Kuma wanda ɗakin ya samu ragi da sunansa dole ya hau jirgin. In wani uzuri ya hana shi zuwa, wanda ya rage a ɗakin yana iya tsintar kansa da cikon kuɗi.

Sai abu na biyu, tun da kin ambaci jaririya: yawancinsu ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba ranar tashi. Ku ƙirga.

Alhaji Ɗan Jega: Hajiya Asabe, kin raba ango da amarya kwana huɗu kan teku don dala hamsin. Yaron nan shi ya biya kuɗi, shi kuma za a kai ɗakin samari shi kwana da minsharin Khalifa. Wagga shawara taki sai dai yaya ta so ta, ba ƙane ba.

Ɗan Zuru: Ai a takarda ne kawai Alhaji. In an shiga sai kowa ya koma inda yake so. Wa zai bi ɗaki ɗaki yana duba?

Malam Nasiru Argungu: Nan ne zan ɗan ja birki. Rubuta adireshin da ba naka ba don a rage maka kuɗi, wannan ba sai an tambayi malami ba, ƙarya ce aka ci dukiya da ita, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a fili yake: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kasancewar kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne, ko yana da kuɗi kamar ƙasa, bai halatta ba. Shawarar Hajiya Asabe kuwa ban ga aibunta ba idan yadda aka rubuta haka aka kwana. Mata ɗaki ɗaya, maza ɗaki ɗaya, ai mu ba baƙon abu ba ne gare mu, ko a gidan suna haka ake yi. Amma a rubuta wani abu da niyyar yin wani, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Injiniya (Olando): Malam, ni a nan ina ganin da sauƙi. Mutane da yawa sukan je teburin kula da baƙi bayan an shiga su nemi ƙarin katin buɗe ɗaki, kamfanin ya san ana yi. Sharaɗinsa shi ne a samu mazauni a rajistar kowane ɗaki kuma ya hau jirgi, bai ce ga inda zai sa haƙarƙarinsa ba. Abin da zan ce kawai, wurin taruwa idan an yi gaggawa da lambar ɗakin rajista ake raba shi, don haka kowa ya san nasa.

Malam Nasiru Argungu: In kamfani ya sani kuma ya yarda, to a tambaye shi a fili a samu amsarsa. Abin da ake iya tambaya da baki ba a ɓoye shi. Ni iyakar tawa ke nan.

Kawu Yauri: Ni tambayata daban ce. Shin ya halatta tun farko mai kaya ya sayar wa mutum biyu abu ɗaya a kuɗi biyu? Mu nan bakin ruwa, mai jirgi ya san wanda ke ƙetarewa kullum da wanda ya zo kallon Rigata, kuma ba kuɗi ɗaya yake karɓa ba. Tun muna yara ake gardamar nan.

Malam Nasiru Argungu: Kawu, mai kaya yana da ikon yin rangwame ga wanda ya so, matuƙar kowa ya san abin da zai biya kafin a ƙulla ciniki kuma ya yarda. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne a ga baƙo bai san farashin gari ba a tsuga masa. Rage wa na kusa daban, cutar na nesa daban, ko da yake na yarda a kasuwa wani lokaci gashi ɗaya ne tsakaninsu.

Barista: Bari in ƙara wani abu don kar a haɗa biyu. Akwai ragin mazauna da yake haƙƙi ne na doka, akwai wanda yake talla ce kawai. A Sifaniya, mazauna tsibiran Kanari da Baleyar da garuruwan Ceuta da Melilla suna samun ragin kashi 75 cikin ɗari a jirgin sama da jirgin ruwan fasinja zuwa babban yankin ƙasar, tun 2018 aka kai shi wannan adadi. Wannan kuɗin hukuma ne ke cike giɓin, saboda mutumin tsibiri ba shi da mota ko jirgin ƙasa da zai kai shi asibiti ko makaranta a Madrid. Shi mazauni yana iya tsayawa ya ce a ba shi. Na jiragen shaƙatawa kuwa babu dokar da ta tilasta. Yau akwai, gobe an cire, kuma ba a kowace tafiya ba. Ƙanen Maman Khalifa ba zai iya kai ƙara don ba a ba shi ba.

Ni da za a tambaye ni, irin na Sifaniya ne muke buƙata a nan. Mutanen ƙauyukan bakin Neja a Yauri da Ngaski da ba su da hanya sai ruwa, su ne suka cancanci a tallafa wa kuɗin jirginsu, ko masu jirage sa daina lodin da ya wuce kima. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah a watan Mayun 2021 ba.

Kawu Yauri: Allah ya jiƙansu. Barista ka taɓo inda ke mana ciwo, amma wannan maganar ta kwana guda ce, mu bar wa Hajiya filinta.

Hajiya Asabe (tikiti da Umra): Amin. Maman Khalifa, kar kuma kalmar ragi ta ruɗe ku. Sau da yawa farashin mazauna ba ya haɗuwa da wata garaɓasa. A ce ɗaki dala 500 ne kan kowane mutum, na mazauna 450. Sai ga wata tallar ta kowa da kowa a 480 amma da kuɗin kashewa a cikin jirgi ko intanet kyauta. Wanne ya fi? Sai an zauna da biro. Wani lokacin kuma mai arahar shi ne wanda in ka fasa kuɗin ajiyarka ya tafi, ko wanda kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki, ka tsinci kanka ƙarƙashin wurin kiɗa. Ga ku da jaririya.

Kuma ragin kan kuɗin ɗaki kawai yake sauka. Haraji da kuɗin tasha ba a taɓa su. Sai tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, a manyan kamfanonin nan yana kai dala 16 zuwa 20 a rana. Ku huɗu manya, kwana huɗu, ki lissafa da canjin yau.

Injiniya (Olando): Gaskiya ne. Tun Yulin 2024, saboda wata doka ta jihar Kalifoniya, manyan kamfanonin suka koma nuna farashi haɗe da haraji da kuɗin tasha a shafukansu na Amurka. To Anti, yana yiwuwa wani ɓangare na bambancin da kuka gani ke da ƙanenki ba na zama ba ne, shafin ƙasa daban kowannenku ya buɗe. Kamfani ɗaya yakan yi farashi daban da sharuɗɗan fasa tafiya daban ga kasuwar Amurka da ta Ingila da sauran ƙasashe. Ki tura masa hoton abin da kika gani, ku kwatanta jimillar ƙarshe, ba lambar da aka rubuta da manyan baƙi ba.

Sai lokaci. An fi ganin ragin nan a tafiye-tafiyen da ba su da kasuwa, kamar Satumba da yara suka koma makaranta. Wannan kuma tsakiyar lokacin guguwar teku ne, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Jirgi ba ya shiga guguwa, kauce mata yake yi, amma ana iya canza muku tsibiri ko a soke tsayawa. A hutun Kirsimeti ko tsakiyar hutun bazararsu kuwa da wuya ki ga ragin mazauna, don ɗakunan na sayar da kansu.

Alhaji Ɗan Jega: Kun ji ko. Araha lokacin guguwa. Hajiya, ki tafi Umra abinki, daga Jidda ma an ce akwai irin wanga jirgi.

Hajiya Asabe (tikiti da Umra): Akwai Alhaji, AROYA na Saudiyya, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, kuma babu giya babu caca a cikinsa. A Afirka ma jirgin kamfanin MSC na tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik a lokacin zafinsu. Amma ita ganin jaririya za ta, ba jirgin ne ya kai ta ba.

Maman Khalifa, ga abin da ya fi ragin nan muhimmanci, kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba. Wace irin biza ce a fasfonki? Idan jirgi ya bar Fulorida ya tsaya a Bahamas, kin fita daga Amurka. Dawowarki sabuwar shiga ce. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar baƙunta ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku. Mai irin wannan ya riga ya cinye shigarsa a filin jirgin sama, kuma kamfanin na iya hana shi hawa tun a tasha, kuɗinsa kuma ba lallai ya dawo ba, don a ƙa'idarsu takardun tafiya alhakin fasinja ne.

Maman Khalifa: Innalillahi. Tawa dai tsohuwar ce ta shekara biyar, tun kafin canjin. Ta Khalifa ce ban tabbata ba, daga baya aka yi masa.

Barista: Ki duba jikin bizar, wurin da aka nuna adadin shiga. In harafin M ne, shiga da yawa ce. In S ne ko lamba 1, sau ɗaya. Kuma dokokin shiga Amurka suna ta sauyawa, ku sake bincika halin da ake ciki kafin a saki ko dala ɗaya.

Hajiya Asabe (tikiti da Umra): Haka ne. Kuma ƙanenki ya rubuta wa kamfanin ya faɗa musu ku biyu fasfon Najeriya gare ku, ya tambayi abin da ake buƙata a kowace ƙasar da jirgin zai tsaya, ya ajiye amsar a rubuce. Kar ya tsaya kan abin da aka gaya masa a waya.

Ɗan Zuru: To in ta Khalifa S ce, sai a bar shi a Tampa ya yi gadin gida.

Maman Khalifa: Ɗan Zuru, yaron da tun watan jiya yake kallon bidiyon jirgin? Ai sai dai a fasa gaba ɗaya. Fasfon nasa yana wurin babansa a ofis, in ya dawo bayan la'asar zan duba. Hajiya Asabe, zan turo miki hoton shafin ta gefe ki taya ni karantawa.

Hajiya Asabe (tikiti da Umra): Turo, amma ki rufe lambar fasfon da yatsa. Ki haɗo da ranar haihuwar jaririyar in ƙirga watannin.